Me Ya Sa Manyan Kifaye Ba Sa Haɗiye Ƙaramin Kifin Da Ke Shiga Bakinsu?

Ka tambayi dalilin da ya sa manyan kifaye ke barin wani ƙaramin kifi ya shiga bakinsu ya fito lafiya. Wannan kifi shi ne Labroides dimidiatus, wanda tsawonsa bai wuce santimita 14 ba, kuma yana zaune a duwatsun murjani na gaɓar teku, tun daga Bahar Maliya da gabashin Afirka har tsibiran tekun Fasifik.

Abincinsa shi ne ƙwarin da ke maƙale a fata da sassan numfashin sauran kifaye suna shan jininsu, haɗe da matacciyar fata. Yana da wurin da yake zama kullum, inda kifaye ke zuwa su tsaya cik, su buɗe baki, domin sun gane shi ta baƙin layin da ya ratsa jikinsa. Wanda ya haɗiye shi ya rasa mai raba shi da ƙwari, shi ya sa ake ƙyale shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haihuwarsa: namiji ɗaya ke riƙe da mata da yawa, idan kuma ya mutu, babbar cikinsu ce ke rikiɗa ta zama namiji ta gaji wurinsa.