Yaya, ga dalilin da ya sa muke kwana rabin dare a bakin tekun Jidda

Assalamu alaikum, Yaya. Na saurari saƙon muryarka har sau uku, ina dariya ni kaɗai a kicin. Ka ce ka ga hotunan da yara suka tura, ka rasa gane mu: mutanen da Allah ya ajiye a ƙofar Harami, tafiyar sa'a ɗaya a mota, amma sai a gan mu ƙarfe ɗayan dare a bakin ruwa, da jarirai da tsofaffi, mun baje tabarmi kamar 'yan gudun hijira. Na san tsokana ce, ko da yake na ji ɗan yajin da ke ciki. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Haramin muna zuwa, ka kwantar da hankalinka. Amma wanda ya zo na kwana ashirin daban, wanda ya shekara talatin yana biyan haya yana kai yara makaranta daban. Kai da ka sauke farali, abin da ka gani na Jidda shi ne rumfunan nan masu kama da tantuna na filin jirgin alhazai, sai tagar bas. Ba ka shiga garin ba, kuma ba kai kaɗai ba ne, yawancin alhazanmu haka suke wucewa.

Fara da zafi. Zafin Kano busasshe ne, in ka samu inuwar darbejiya ka tsira. Namu jiƙaƙƙe ne. Daga watan Mayu har Oktoba, in ka fito daga mota mai sanyi, tabaranka sai ya yi hazo, rigarka ta manne maka kafin ka kai ƙofa. Ga gidajenmu benaye ne, shigga muke ce musu, ɗakuna uku ko huɗu a hawa na biyu ko na uku. Babu zaure, babu tsakar gida, babu dakalin da maigida zai zauna bayan la'asar a gaishe shi. Bahaushe kuwa ka san shi, in ka rufe shi a ɗaki shi da na'urar sanyaya ɗaki, ciwo zai yi. To duk abin da kuke yi a ƙofar gida da dandali, mu a kurnish muke yin sa, wato doguwar hanyar nan da ta bi gaɓar teku kusan kilomita 30. Kuma sai rana ta faɗi.

Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, don haka daren Alhamis shi ne babban dare. Bayan isha'i kowa ya loda mota: darduma, matasan jingina, butar gahawa, fulas ɗin shayi, dabino. Larabawa maƙwabtanmu haka suke yi, ba mu muka ƙirƙiro ba. Inda za ka gane shimfiɗar Hausawa sai an buɗe kula. Wannan ta zo da masa, waccan da dambun shinkafa, wata da zoɓo mai sanyi a gora. Kuɗin nama da ruwa karo-karo ne, a nan gatta ake cewa. Maza su matsa taku goma su kafa tasu majalisar, suna buga kartar da ake kira balot, suna musu kan Ittihad da Ahli, ƙungiyoyin ƙwallon garin nan, kamar gādo ake rabawa. Mu kuwa a wurinmu ake zubin adashi, ake jin wa zai tafi Kano a ba shi saƙo, wace ce ta haihu, wa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa yana neman taimako. Aure biyu na sani da aka fara maganarsu a kan dardumata.

Akwai wata tsohuwa da ba ta fashi. A Makka aka haife ta, 'yar ƙasa ce, jikokinta ba sa haɗa jimla biyu da Hausa, amma ita tata Hausar ta kakarta ce, tsaf, ba gauraye. Ba ta cewa Nijeriya, sai dai ta ce "can Hausa". Takan zauna a kujerar roba ta fuskanci ruwa, casbaha a hannu. Wata rana na ce mata, Iya, me kike kallo haka? Ta nuna da haɓa ta ce Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan, na can ƙetare, daga nan kakanta ya hau jirgin ruwa na itace bayan ya yi shekaru a hanya, yana noma yana dako yana tara guzuri. Irinsa ba su ƙirguwa, musamman bayan 1903, da Turawa suka ci Sakkwato aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, jama'a suka yi ta kwarara gabas. Wasu suka tsaya a Sudan, a Mai Wurno da sauran garuruwa, wasu suka ƙetaro. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi da kake ji, har da Usama Hausawi da ya yi kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018. Ka ga ke nan ruwan nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Ta nan aka shigo.

Ba zan ɓoye maka ba, ba duka muke ɗaya ba. Akwai 'yan ƙasa, akwai mu masu iƙama, akwai kuma waɗanda ba su da takarda, su ba kasafai za ka gan su a wurin da fitila ta yi yawa ba. Balarabe dai duk Takruni yake ce mana, ku kuma can ku ce 'yan Takari ko Kano-Jidda, kuna taɓe baki, alhali turaren da ke jikin matanku mu muka aiko.

Wani abu kuma ya ƙara wa bakin teku daraja a wurinmu. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni da dama na kudancin gari, irin su Karantina da Gulel da Sabil, inda mutanenmu suka fi yawa. Maƙwabtan da a da sai dai ki leƙa taga ki kira, yau wata tana can gabashin gari, wata ta koma Makka, wata ta tattara ta koma gida. Ba mu da sauran unguwa guda da za a ce tamu ce. In kana son ganin fuskokin nan a wuri ɗaya, sai daren Alhamis.

To, bari in zo kan abin da zan nuna maka in Allah ya kawo ka Umra, tunda bizarta yanzu ba ta hana mutum zagaya gari.

Balad zan fara kai ka, tsohon gari, kuma da la'asar sakaliya. Halifa Usman ɗan Affan ne ya mayar da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka a shekara ta 26 bayan hijira, kuma tun lokacin duk alhajin da ya biyo teku ta nan yake sauka. An rushe ganuwar a 1947, amma gidajen suna nan, hawa huɗu hawa biyar, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa daga gaɓa. Tagoginsu na katako ne masu sassaƙa da suka turo waje, rawashin, na ciki ya ga titi ya sha iska, na waje bai gan shi ba. Kai da kake son gine-ginen da, a nan za ka ɓata mini lokaci, na sani. UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Akwai gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo garin a 1925. Matakalarsa faffaɗa ce marar tsayi, an yi ta ne yadda raƙumi zai hau da kaya har sama. A ƙofarsa akwai tsohuwar bishiya, wadda saboda ita ake ce wa gidan "mai bishiya", don a da itace ya yi ƙaranci ƙwarai a garin. Ranar da na fara ganin ta na tsaya ina duba ganyen, sai na fashe da dariya. Darbejiya ce, Yaya. Irin wadda awaki ke kwana a gindinta a ƙofar gidanmu.

Daga nan mu ratsa kasuwar Alawi, lungunanta za su tuna maka Kurmi, mu yi magariba a masallacin Shafi'i. Maƙabartar Nana Hauwa'u ma ba nisa. Mutanen gari na cewa a nan aka binne ta, har wasu suna danganta sunan Jidda da jadda, wato kaka. An baje ginin kabarin tun 1928, babu abin gani sai katanga, kuma na san ra'ayinka kan irin wannan, don haka wucewa kawai za mu yi.

Da dare sai kurnish. Za ka ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad, da aka buɗe a 1985, tana harba ruwan teku sama kusan mita 300, babu wadda ta kai ta tsayi a duniya. Mu mun saba har ba ma ɗaga kai, amma baƙo sai ya yi shiru. Can arewa akwai masallacin Rahma da aka kafa kan ginshiƙai cikin ruwa, in teku ta cika sai ka rantse yawo yake a kai. Gumakan ƙarfe da na dutse da ke shataletale, ba bauta musu ake ba, kar ka fara. Wani magajin gari, Muhammad Sa'id Farsi, shi ya cika garin da su, har da wani ƙaton keke da ya zama abin kwatancen hanya. Tseren motocin Formula 1 da aka fara a 2021 kuwa, yara ne ke damuwa da shi, ni cunkoson da yake jawowa kawai na sani.

Ka tambaya ko muna shiga ruwa. Yawancin kurnish duwatsu ne, an ma hana iyo. Mai son wanka sai ya tafi Ubhur, inda teku ta kutso cikin ƙasa kamar kogi, akwai kwale-kwalen haya da wuraren da aka keɓe. In Salla ta zo ko an yi suna, gidaje biyar ko shida sukan haɗa kuɗi su kama shale, ɗan gidan shaƙatawa mai katanga, maza da yara su yi ta facal-facal, mu mu tsoma ƙafa da abayarmu. Samarinmu kan bi jirgi su nutsa kallon murjani da kifaye masu launi. Ni da aka haifa inda babban ruwa shi ne kududdufi, idon sawu ne iyakata.

Abinci kuwa, da sassafe zan aika yaro da kai Bangala, kasuwar kifi. Ka zaɓi najil ko harid da hannunka, a gyara maka a wurin, a soya, mu ci da shinkafar sayyadiyya wadda albasa ta mayar ruwan ƙasa. Sannan zan sa a sayo maka wani nama da mutanen Hijaz ke layi a kansa, suna ce masa siriya. Ba zan gaya maka ko mene ne ba sai ka ɗanɗana ka ji ƙuli-ƙuli da yaji, ka tuna da mai tukubar bakin layinku.

Ka daidaita zuwanka tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin iska na da daɗi, har tsohuwar nan kan yafa mayafi biyu. Ta ce in gaya maka ka taho mata da daddawa ta kalwa, ba ta waken suya ba, da kuka sabuwar daka. Ni kuma man shanu. A gaida Hajiya da yara.