Amsa: Tsohuwar a-kori-kura ta ƙi tashi

Malam, tunda ka ce in ka murɗa makulli "ƙas" kawai kake ji, injin bai juyawa, kada ka yi saurin sayen sabon kik, wato na'urar da ke juya inji don mota ta tashi. Fara da batir. Kunna fitilun gaba, ka murɗa makullin. In suka dushe, ko batir ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. Lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6 a mitar gwajin wuta. Kankare kawunan, ka ɗaure su tamau, ka duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, don ita aka fi mantawa.

In fitilu ba su dushe ba, zargina na kan kik. Wani ya murɗa makulli, kai ka ɗan ƙwanƙwasa kik ɗin da sifana. In motar ta tashi, mai yiwuwa burushin da ke cikin kik ɗin ne ya cinye, a kai wa mai gyaran waya.