Yadda za ki ƙawata jaket ɗin jins da hannunki

Tambaya: Ina da jaket ɗin jins da na shekara uku ina sawa. Bai yage ba, amma ya gundure ni, ga shi duk inda na shiga sai na ga irinsa a jikin wata. Ban iya keken ɗinki ba. Ta ina zan fara canza masa kama ba tare da na lalata shi ba?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da allura da zare, ki ajiye bilic da reza sai hannunki ya faɗa. Ɗinkin da bai yi miki ba kina iya warware shi, amma abin da bilic ya ci ya tafi ke nan.

Juya jaket ɗin ki dubi cikinsa, za ki ga ya fi wajen haske. Zaren tsaye kaɗai ake rinawa da baba, na kwance fari ne, kuma rinin a bayan zaren yake tsayawa, ba ya ratsa cikinsa. Shi ya sa gwiwar hannu da bakin aljihu ke saurin koɗewa.

Aikin da na fi so wa mai koyo shi ne sashiko, ɗinkin mutanen Japan da suke ƙarfafa tsofaffin tufafi da shi: farin zare a kan shuɗin yadi, soka ki fito, soka ki fito, a jere. Ki zana layukan da alli a faffaɗan bayan jaket ɗin, kowane taku kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Zaren surfani sili 6 yake zuwa, ki raba shi ki ɗauki 3. Kada ki ja shi da ƙarfi, yadin zai tattare. Ki kuma kauce wa mahaɗar ɗinki mai kauri, nan allura ke karyewa. Ko layin ya ɗan karkace kada ki damu, ai nan kyawun aikin hannu yake.

Facin da ake mannawa da dutsen guga yana da sauƙi, sai dai wanki kaɗan gefensa ke ɗagowa, don haka ki bi bakinsa da ɗinki. In kuma ƙyalle za ki ɗora, ki wanke shi tukuna don ya gama tsukewa.

Fenti kuwa, na yadi za ki nema. Ki cusa kwali a ciki, ki fara shafa fari, in ba haka ba shuɗin zai shanye launin. Bayan awa 24 ki shimfiɗa ƙyalle a kai ki goge da dutsen guga don ya kama.

In yagar ado kike so, ki yi tsaga biyu a kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tazarar yatsa biyu. Sai ki sa matsefata ki riƙa zare shuɗayen zaren da ke tsakani ɗaya bayan ɗaya. Fararen za su rage a miƙe kamar tsirkiya.

Ranar da za ki taɓa bilic, ki duba takardar da ke cikin jaket ɗin tukuna. In akwai elastane, wato zaren da ke sa yadi talewa, ki haƙura, bilic na kashe shi. In auduga ce zalla, ki sirka bilic ɗin da ruwa, ki sa safar hannu, ki yi a inda iska ke shiga, ki gwada a cikin ƙasan rigar, sannan ki ɗauraye sosai. Don Allah kada ki haɗa shi da binega ko amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne.