Jirgin kamun kifin bas ya ƙi wuce mil 63: kar ka sayi farfela tukuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce jirginka ƙafa 20 ne, injin Yamaha VMAX SHO mai ƙarfin doki 250, farfela ta baƙin ƙarfe mai fiffike uku, fic 25. In ka ƙure totur, injin na juyi 5,400 a minti, gudu kuma mil 63 a awa, alhali abokinka mai irin jirgin yana taɓa 70. Wani ya ba ka shawarar sayen fic 27. Ni dai a ganina riƙe kuɗinka, domin wannan shawarar baya za ta mayar da kai.

Fic shi ne yawan incin da farfela za ta tura jirgi a juyi ɗaya, da a ce ruwa ba ya zamewa. Kowane inci ɗaya da ka ƙara yana rage maka juyi kamar 150 zuwa 200. Yamaha ta ce wannan injin ya tsaya tsakanin 5,000 da 6,000 in an ƙure shi, kuma masu shi sun san ya fi sakewa a can sama, kusa da 5,800 zuwa 6,000. Kai kana 5,400. In ka ɗora 27 za ka faɗo wajen 5,050, a bakin iyakar ƙasa ke nan, kamar mai hawa tudu da giya ta biyar. Injin zai yi ta nishi, tashinka daga tsaye ya yi nauyi, gudun kuma ba zai ƙaru ba.

Yi lissafin da kanka ka gani. Ka ninka juyi da fic, ka raba da lambar giya (wato sau nawa inji ke juyi kafin farfela ta juya sau ɗaya), ka sake rabawa da 1,056. Giyar injinka 1.75 ce. To 5,400 sau 25 ya ba da mil 73 a takarda. Kana samun 63, ruwa ya cinye kusan kashi 14 cikin ɗari ke nan. Da fic 27 a juyi 5,050 takarda za ta ba ka 74 ba kaɗan, ƙarin bai cika mil ɗaya ba, ga wahalar da inji. Jirgin bas da aka saita da kyau yakan yi asarar kashi 10 ko kusa da haka. Da za ka kai 5,700 da farfelar da ke hannunka, asara ta sauko kashi 10, kana 69. Ka ga gudun da kake nema yana cikin saitin, ba a shago yake ba.

Wannan 63 ɗin da fatan daga GPS ka karanta shi. Malejin jirgi mai aiki da matsin ruwa ba abin dogaro ba ne, ɗan itace ya toshe ramin sai ya yi ta zuba maka ƙarya. Shi ma abokin naka tambaye shi a ina ya ga 70, da kaya nawa, a wane wata.

Abin da na fi zargi shi ne tsayin inji. Mafi yawan jiragen da na gani suna fitowa daga wurin dillali injin ya nutse fiye da kima, don hakan ya fi sauƙin tuƙi ga sabon shiga. Amma duk incin ƙafar inji da ke cikin ruwa birki ne. Ga yadda ake awo. Ka ajiye tirela a daɓen siminti da ba tudu ba gangare, ka ɗauki ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ka ɗora a tafin jirgi, wato shimfiɗaɗɗen wurin nan na can baya a ƙarƙashi da jirgin ke hawa kansa in ya ɗau gudu. Yi ta juya jak ɗin tirela har ya daidaita. Sannan ka sauke inji da tirim, wato na'urar da ke karkata inji sama ko ƙasa, har shi ma ya miƙe daidai. Auna daga ƙasa zuwa tafin, auna daga ƙasa zuwa tsakiyar sandar farfela, ka cire wannan daga wancan. Inci uku da rabi ƙasa da tafi shi ne inda akasari ake farawa. In ka tarar da biyar, to ka gano ɓarawon.

Ba ka faɗa mana ko akwai jak tsakanin injin da bayan jirgi ba, wato farantin ƙarfen da ake ɗaga inji ko sauke shi da shi. In akwai, ko na noti ne ko na haidurolik irin Atlas ko Bob's, ka riƙa ɗagawa kwatan inci kwatan inci. Ka sa alama da fensir a jikinsa kafin ka taɓa, don ka san inda za ka koma. Duk ɗagawa ɗaya, ka shiga ruwa, ka bi hanya ɗaya zuwa da dawowa saboda iska, ka rubuta abu uku: juyi, gudu, da ƙarfin ruwan da ke sanyaya inji. Na ukun nan ba wasa. Ramukan shan ruwa a ƙafar inji suke, in ka ɗaga da yawa sai su fara shan iska, inji ya yi zafi. In ba ka da agogon ƙarfin ruwa, sa shi kafin ka kwance noti ko ɗaya. Ni ba na barin nawa ya sauka ƙasa da psi 15 (ma'aunin matsin ruwa) a cikakken gudu, kai kuma ka duba abin da littafin injinka ya ce. Za ka san ka kai iyaka in juyi ya ƙaru amma gudu ya tsaya, ko hancin jirgi ya daina ɗagowa, ko feshin ruwa a baya ya haura kan inji sosai. Da ka ga haka, koma kwata ɗaya baya ka ɗaure.

Jak yana kuma ja da injin baya, inci 6, 8, 10 ko 12, farfela ta samu ruwa mai tsabta, hanci ya ɗago cikin sauƙi. Amma kar ka ƙara nisan da ka, kowane jirgi da iyakar da kamfaninsa ya yarda da ita.

Sai kaya. Mu masu kamun kifi akwai tara tarkace. Galan ɗaya na fetur laba 6 ne, na ruwa kuma 8 da ɗoriya. Tanki mai galan 50 a cike laba 300 ke nan, tankin ajiye kifi da rai in ya ɗauki galan 30 wata 250 ce. Ga batura huɗu, ga sandunan kafe jirgi a baya, ga akwatunan ƙugiya. Inda kayan suke ma ya fi nauyinsu muhimmanci: duk abu mai nauyi da ke akwatunan gaba yana danne hanci, jirgi ya kasa hawa tafinsa. Mayar da su baya, bar sandunan kamun kifi da rigunan ruwa a gaba. Wannan kaɗai yakan ba da mil ɗaya ko biyu, ko sisi ba ka kashe ba. Kuma ka yi gwajin da kayan da ka saba fita da su, saita jirgi fanko yaudarar kai ce.

Yanayi ma yana da nasa. A nan Teksas, jirgin da ya yi 70 a tafkin Sam Rayburn a watan Fabrairu ba zai yi shi a Agusta ba, don iska mai zafi da laima tana rage wa inji ƙarfi. Shi ya sa na ce ka tambayi abokinka a wane wata ne.

Bayan duk wannan ne za a zo kan farfela. Fara da shafa bakin fiffiken da yatsa. In ka taɓa bi ta tafkin Lake Fork ka kauce wa layin da aka yi wa alama, da wuya kututture bai gaishe ta ba, kuma lanƙwasar da ido ba ya gani tana iya cin mil biyu. Mai gyaran farfela zai miƙe ta, ya dawo mata da ɗan murɗin nan na bakin fiffike da ke riƙe ruwa, a kuɗin da bai kai na sabuwa ba. In an gama saiti kana nan ƙasa da 5,600, ƙasa za ka sauka, zuwa 24. Fic 24 a juyi 5,900 da asarar kashi 10 shi ma 69 ne, ga saurin tashi. Mai fiffike huɗu, irin Bravo I ko Fury 4 na kamfanin Mercury, ta fi riƙe ruwa in akwai igiyar ruwa ko kaya da yawa, amma sau da yawa takan rage ɗan gudu a ƙarshe. Fic ɗin kamfani ɗaya ba lallai ya yi daidai da na wani ba, saboda haka ara ka gwada kafin ka biya. Farfelar Mercury tana hawa Yamaha in an sa mata cibiyar da ta dace.

Wani abin kuma hannunka ne. Da ka haura 65 jirgin zai fara rangaji hagu da dama, don a kan ɗan siririn tafi yake tafiya, farfela kuma tana murɗa shi dama. Ana tare shi da ɗan taɓa sitiyari hagu kaɗan-kaɗan kafin rangajin ya girma. In ya fi ƙarfinka, sauke tirim tukuna, sannan ka sassauta totur a hankali. Kar ka sake shi gaba ɗaya, hanci zai caki ruwa jirgin ya juya da kai. Ka tabbata babu wasa a sitiyari, notin inji a ɗaure suke. Rigar ruwa a jikinka, igiyar kashe inji a maƙale, wadda tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ce a Amurka ga jiragen da ba su kai ƙafa 26 ba.

Yi awon tsayin nan a ƙarshen mako, ka turo mana shi tare da sunan farfelar, nisan jak ɗin in akwai, da ƙarfin ruwa a cikakken gudu, sai mu ga ta inda za ka fara ɗagawa.