Tambaya da Amsa: Ayar Bango Don Kyautar Aure

Tambaya: Mu 'yan zumuntar mata ne a wata majami'a a Zuru. Muna so mu ba amaryarmu kyautar aya a firam don ɗakinta. Amma wadda muka bayar bara ta koɗe, takardar ta manne da gilashi, ga fumfuna ta baya. Yaya za mu yi a wannan karon?

Amsa: Iyayenmu mata, sannunku da hidima. Ku zaɓi gajeriyar aya da ido zai ɗauka daga bakin ƙofa. Zabura 23:1, "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba," ta zauna daidai a takardar A3, mai santimita 29.7 da 42. Joshuwa 24:15 ma ta dace da sabon gida, sai dai a ɗauki ƙarshenta kawai. Tsayin kowane harafi ya kai santimita 3.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne haruffa masu lanƙwasa. Wasu salon rubutun kwamfuta ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai mai bugawa ya sa k, d da b. A Yohanna 3:16 "Ɗansa" ya koma "Dansa", "ƙauna" ta koma "kauna". Wannan maganar Allah ce, kada a bar ta da kuskure. Ku kwafo ayar daga Littafi Mai Tsarkin da kuke karantawa a sujada, a aika ta a PDF don kada haruffa su sauya, a fara gwaji a takardar banza, mutum biyu su karanta kafin a buga ta gaske.

Koɗewa aikin rana ne a kan tawadar ƙaramar firinta. A buga da na'urar laser a takarda mai kauri, kuma kada a rataye ta inda hasken taga ke sauka.

Mannewa da fumfuna kuwa laimar damina ce. A yanka kwali mai kauri kamar taga, a sa shi tsakanin takarda da gilashi don kada su taɓa juna. Bayan firam ya zama siririn katako da ya sha fenti, domin kwali tsotsar laima yake. A toshe gefunan bayan da tef saboda ƙurar hunturu da kyankyaso. A liƙa 'yan guntayen roba biyu a kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa tsakaninsa da bango, musamman in filastar sabuwa ce.

Wajen ratayewa, ƙusar kankare biyu, tsakiyar firam kimanin santimita 150 daga ƙasa. Sunan ango da amarya da ranar ɗaurin aure, a baya za ku rubuta su.