Ƙafata ba ta wuce ƙugu in na kai shuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina koyon tekwando a Dandalin Murtala, amma har yau shurina ba ya wuce ƙugun abokin karawa, kuma kafin ƙafar ta isa ya kauce. Abokaina kan danne ni ƙasa don cinyoyina su buɗe, ni kuma na fara ɗaura jakar yashi a idon sawu ina shuri. Daidai ne? Daga wani matashi a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, duka biyun ka daina su daga yau. Tsoka in aka ja ta da ƙarfin tsiya ɗaurewa take yi don ta kare kanta, in aka matsa sai ta yage a matsematsi ko bayan cinya, ka yi makonni kana ɗingishi. Jakar yashi kuwa, lokacin da ƙafa ta miƙe, nauyin ba ya tsayawa, sai ya fizgi gwiwa.

Yawanci matsalar ba a ƙafar da ke shuri take ba, a wadda ke tsaye take. A shurin da ke zagayowa ta gefe, in tafin ƙafarka ya kafe a ƙasa, ƙugu ba zai buɗe ba ko shekara ka yi kana miƙa, kuma gwiwa ce za ta sha murɗa. Ka tsaya kan tushen yatsu, ka juya har dunduniya ta kusa fuskantar abin da kake hari. Dafa bango ka gwada a hankali: ɗaga gwiwa, juya, miƙe ƙafa, riƙe daƙiƙa 3, naɗe ta, sannan ka sauke. Sau 10 kowace ƙafa. Za ka ji gefen ƙugu yana zafi; nan ne rashin ƙarfin yake, domin ƙafa ba ta zuwa inda tsoka ba ta iya riƙe ta.

Kafin atisaye ka ɗumama jiki minti 10 da sassarfa ko tsallen igiya, da hunturu ka ƙara 5, sannan ka yi lilo da ƙafa gaba da gefe sau 15. Doguwar miƙa ta zaune sai bayan an gama atisaye: daƙiƙa 30, sau 3, ka tsaya inda ka ji ja, kada ka kai inda ka ji suka.

Ƙarfi, kwana biyu ko uku a mako, da hutun yini tsakani: tsugunno 12, dogon taku kana sauke gwiwar baya 10 kowace ƙafa, ɗage dunduniya a bakin matattakala 20, kowanne zagaye 3. Kada gwiwa ta faɗa ciki. In sun yi sauƙi, rungumi jarkar ruwa mai lita 10.

Sauri kuma da jikin da bai gaji ba ake nemansa, a farkon atisaye. Kai shuri 6 da iyakar hanzarinka, ka huta minti ɗaya, zagaye 5. Da ka ji ƙafa ta yi nauyi ka tsaya, don gajiyayyen jiki jinkiri yake koya. Saki kafaɗa, ka fitar da numfashi lokacin bugu, ka janye ƙafa da saurin da ka tura ta. Abokin karawarka kuma mai yiwuwa yana ganin kana gyara tsayuwa kafin ka ɗaga ƙafa. Sa a ɗauke ka bidiyo da waya ka duba.

Gwiwa in ta kumbura ko tana ƙagewa, ka ga likitan ƙashi kafin ka koma fili.