Me ya sa 'ya'yan hawainiyata suke fitowa da lanƙwasassun ƙafafu?

Tambaya: Ina kiwon hawainiya irin ta Yemen, mai tozo a ka. Macen ta yi ƙwai kusan 60, sun ƙyanƙyashe bayan wata bakwai, amma da yawa ƙafafunsu a lanƙwashe, ba sa iya riƙe reshe, wasu sun mutu. Cuta ce mai yaɗuwa?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Yadda ka siffanta su, wannan laushin ƙashi ne na ƙarancin sinadarin kalsiyam, kuma ba ya yaɗuwa. Tushensa yana jikin uwar. Duk ƙwan da ta yi, daga jikinta take zarar kalsiyam ta zuba masa, har a ɓawonsa. Idan nata ya gaza, sai ta ci na ƙasusuwanta, 'ya'yan su fito da rauni, ita ma ta shiga haɗarin ƙwai ya maƙale mata a ciki, wanda yakan kashe uwar.

Yawan ƙwan ma abin dubawa ne. Ciyarwa fiye da kima da zafi mai yawa su ke sa macen Yemen ta zuba ƙwai masu yawa haka, kuma hakan na rage mata kwana. Kada a haɗa ta da namiji sai ta kai shekara, kuma kada a haɗa 'yan ciki ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne haske. Hawainiya ba ta iya amfana da kalsiyam sai da bitamin D3, jikinta kuma ba ya yin sa sai da hasken UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta da amfani, gilashi yana tare shi. Ko dai fitilar UVB ta dabbobi masu jan ciki, ko a fitar da su hantsi a keji mai raga, da ganyen da za su fake.

'Ya'yan da suka rayu, ba su ƙananan ƙudaje da 'yan gyare da aka barbaɗa wa garin kalsiyam. Ruwa kuma a riƙa fesa shi a ganye, don ba sa sha a kwano. Kai uwar da masu raunin wurin likitan dabbobi cikin makon nan. Ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa, amma yana iya yin ƙarfi.